Tawakkali da Riƙon Sababi: Darasin Allurar Korona a Banyo da Arewacin Kamaru

Tambayar da annobar korona ta bari a zukatan mutanen Banyo da sauran garuruwan arewacin Kamaru ta fi ƙarfin likita shi kaɗai, domin ta taɓo yadda Musulmi yake fahimtar dangantakar da ke tsakanin ƙaddarar Allah da ƙoƙarin bawa. An shaida wa jama'a cewa allurar riga-kafi ce za ta rage yawan masu kamuwa, ta kuma mayar da rayuwa yadda take a da, amma mafi yawan mutane ba su karɓe ta ba, kuma duk da haka kasuwanni sun ci gaba da ci, masallatai sun cika, makarantu sun buɗe, alhazai sun koma Makka. Daga nan ne wasu suka yanke hukuncin cewa tun farko babu bukatar allurar, kuma wanda ya ƙi ta da sunan dogaro ga Allah shi ne ya dace. Wannan hukunci yana da saurin shiga zuciya, sai dai ba shi da madogara ta fuskar ilimin cututtuka ko ta fuskar shari'a, kuma idan aka bar shi ya zauna a matsayin darasin da aka koya, zai jawo hasarar rayuka a duk lokacin da wata annoba ta sake kunno kai.

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kamaru a birnin Yawunde ranar 6 ga Maris 2020, kuma a ranar 17 ga watan Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakan gwamnati, waɗanda suka haɗa da rufe iyakoki da makarantu da hana taron da ya wuce mutum 50. Hanin ya shafi sallar Juma'a da ɗaurin aure da suna da jana'iza, wato abubuwan da zaman tare a ƙasar Musulmi yake tafiya a kansu. Ba a daɗe ba gwamnati ta fara sassautawa a ƙarshen Afrilu, ɗaliban ajin jarrabawa kuma suka koma makaranta ranar 1 ga Yuni, tun kafin a sami wata allura a duniya. Sai a ranar 12 ga Afrilu 2021 Ministan Lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da riga-kafin da allurai 200,000 na Sinopharm waɗanda ƙasar Sin ta bayar, daga baya na AstraZeneca da na Johnson & Johnson suka biyo. Ƙaddamarwar ta zo daidai da shigowar watan azumi, don haka tambayar farko da mutane da yawa suka kai wa malamai ita ce ko allurar tana karya azumi, malaman Azhar da babban muftin Saudiyya kuma suka yi fatawa cewa ba ta karyawa, tunda ba ci ba ce ba kuma sha ba.

Kafin a yi hukunci a kan amfanin allurar, wajibi ne a san abin da alƙaluman masu kamuwa suke ƙidayawa. Adadin da hukuma take sanarwa shi ne na waɗanda aka yi wa gwaji aka same su da ƙwayar cutar, wanda a Kamaru ya tsaya a wajen mutum 125,000 da mutuwar kusan 2,000, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25. Gari irin Banyo, hedikwatar yankin Mayo-Banyo a jihar Adamawa ta Kamaru, yana kan hanyar da ta taso daga Fumban ta bi ta Bankim da Mayo-Darle ta nufi Tibati, hanyar da damina take wahalar da masu bin ta, yana kuma maƙwabtaka da tsaunukan Mambila na Najeriya, inda fatake da makiyaya suke kai da komo tun zamanin da Hausawa suke biyowa da goro ta nan zuwa Yola. A irin wannan wuri, dattijon da zazzaɓi da tari suka kwantar a ruga ko a ƙauye, ya rasu aka yi masa sutura a ranar, ba ya shiga lissafin kowa, alhali manyan ɗakunan gwaji suna birane irin Yawunde da Duwala da Garwa. Binciken jini da aka yi a gundumar lafiya ta Cité Verte da ke Yawunde a ƙarshen 2020 ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen da aka gwada sun riga sun haɗu da cutar, kuma a Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun kamu da ita, mafi yawansu ba tare da sun sani ba. Ke nan ƙarancin adadin da aka sanar shaida ce ta ƙarancin gwaji kafin ta zama shaidar ƙarancin cuta.

Abu na biyu shi ne aikin da allurar take yi a jiki da kuma a cikin jama'a. Riga-kafi yana nuna wa jiki wani sashe na ƙwayar cuta, ko ƙwayar da aka kashe, domin jiki ya shirya garkuwarsa kafin cutar ta gaskiya ta zo. Idan masu garkuwa suka yi yawa a gari, cutar takan rasa hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan, har wanda bai yi allura ba ya tsira a inuwar waɗanda suka yi, wannan kuwa shi ne abin da masana suke kira garkuwar jama'a. Yawan mutanen da ake bukata ya danganta da saurin yaɗuwar cutar: idan mai cuta ɗaya yana harbin mutum uku, sai biyu cikin kowane uku sun sami garkuwa kafin cutar ta fara ja da baya, ƙyanda kuwa, wadda mai ita yakan harbi mutum 12 zuwa 18, tana bukatar kusan kashi 95 cikin 100. Arewacin Kamaru ya ga wannan da idonsa a kan sanƙarau, domin tun da aka fara yi wa masu shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a yankin a 2011, nau'in sanƙarau na A, wanda a da yake kashe dubbai a lokacin zafi, ya kusa ɓacewa, saboda allurar tana hana ƙwayar zama a maƙogwaro, balle ta wuce zuwa wani.

Allurar korona ba ta kai wannan matsayi ba, kuma faɗin haka a fili yana daga cikin gaskiyar da jama'a suke da haƙƙin ji. Ƙwayar ta riƙa sauya kama, nau'in Delta ya mamaye duniya a 2021, na Omicron ya bayyana a Nuwamban shekarar, kowanne ya fi na gabansa saurin yaɗuwa, kariyar da allurar take bayarwa daga kamuwa kuma takan ragu bayan 'yan watanni. Shi ya sa aka ga adadin masu kamuwa ya yi tashin gwauron zabi a ƙasashen da suka yi wa mafi yawan mutanensu allura, irin su Ingila da Faransa. Abin da ya ɗore shi ne kariya daga tsananin ciwo da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini, kuma masu bincike a Imperial College da ke Landan sun ƙiyasta a 2022 cewa allurai sun hana mutuwar mutum fiye da miliyan 14 a shekararsu ta farko kawai. Saboda haka ma'aunin da ya dace da wannan allura shi ne yawan gadajen asibiti da suka cika da yawan jana'iza, tunda can ne tasirinta yake bayyana.

Komawar rayuwa yadda take a Banyo da Garwa da Marwa ta samu ne daga dalilai da dama da suka haɗu. Cutar ta riga ta ratsa jama'a ta bar musu garkuwa irin ta wanda ya warke, rabin mutanen ƙasar kuma ba su wuce shekara 18 ba, waɗanda suka haura 65 ba su fi kashi 3 cikin 100 ba, alhali korona tsofaffi ta fi kashewa. Sa'an nan talakan da yake neman na yau a yau ba zai iya zaman kulle ba ko da ya so. Akwai kuma rabon da allurar wasu ta jawo wa waɗanda ba su yi ba. Aikin Hajji, wanda aka taƙaita a 2020 ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya, aka kai shi mutum 60,000 a 2021, ya buɗe wa baƙi a 2022 da mutum miliyan ɗaya bisa sharaɗin riga-kafi, kafin a ɗage ƙa'idojin a 2023, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga Mayu. Haka kuma a Janairun 2022, lokacin da Garwa ta karɓi wasannin cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, ƙa'idar shiga fili ita ce katin allura da takardar gwaji, har aka ga samarin da suka yi watanni suna gudun ma'aikatan lafiya sun miƙa damtse saboda ƙwallo.

Ta fuskar addini, maganar tana komawa ga kalmomi biyu da malamai suka daɗe suna bayani a kansu. Tawakkali shi ne zuciya ta dogara ga Allah wajen samun alheri da tunkuɗe sharri, sababi kuwa shi ne hanyar da Allah ya saba gudanar da al'amari ta kanta, kamar shuka ga girbi da magani ga waraka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, haka Bukhari da Muslim, cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg sai aka tarye shi da labarin annobar da tarihi ya sani da sunan Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke shawarar juyawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, Umar kuwa ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da mai raƙuman da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, wanda duk gefen da ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora su. Bayan haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba take da hana fita daga cikinsa don gudu. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, masana tarihi kuma sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, bayan haka ta lafa.

Masu inkarin cewa cuta tana yaɗuwa sukan kafa hujja da hadisin da ya kore harbin cuta, sai dai akwai wasu hadisan ingantattu da suka hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya, suka kuma yi umarni da nisantar kuturu. Malamai irin su Ibnus Salah da Nawawi sun daidaita su da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, wadda take ganin cuta tana tsallakawa da ikon kanta, abin da aka tabbatar kuwa shi ne cuɗanya tana zama sababi da izinin Allah. Wannan ya yi daidai da abin da almajiran tauhidi suke karantawa a zaurukan Adamawa daga littattafan Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, inda ya bayyana hukuncin al'ada da cewa alaƙa ce tsakanin abu biyu wadda ake gane ta ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa tana iya saɓawa, kuma ɗayansu ba shi yake halittar ɗayan ba. Wanda ya fahimci wannan ba zai ɗauki allura a matsayin abin da yake ba da rai ba, ba kuma zai ƙaryata ta don ya ga wani ya yi ta ya kamu ba, tunda yiwuwar saɓawa tana cikin ma'anar sababi tun asali. Lisanuddin Ibnul Haɗib na Garnaɗa, wanda ya ga babbar annobar ƙarni na 14, ya riga ya rubuta cewa jarrabawa da gani da ido da labarai masu yawa sun tabbatar da yaɗuwar cuta, don haka dole a fahimci nassi ta yadda ba zai yi karo da abin da ya tabbata ba.

Imam Gazali a Ihya'u Ulumiddin ya kasa hanyoyin kawar da cuta gida uku: akwai na yaƙini kamar ruwa ga mai ƙishirwa, akwai na rinjayen zato kamar ƙaho da magungunan likitoci, akwai kuma na wahami, wanda amfaninsa bai wuce tsammani ba. Barin na farko ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Na biyu kuwa riƙonsa ba ya warware tawakkali, barinsa kuma a wurinsa ba laifi ba ne. Allurar korona tana cikin kashi na biyu, kuma da lamarin ya tsaya a kan mutum da jikinsa, da mai ƙin ta yana da abin kamawa. Amma annoba ba ta tsayawa a jiki ɗaya. Saurayin da cutar ta wuce masa kamar mura yana kwana a gida ɗaya da kakarsa, yana sahu ɗaya da limami mai shekara saba'in, a nan kuwa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Malik ya ruwaito asalinta, take shigowa, tare da kiyaye rai, ɗaya daga cikin larurori biyar da Shaɗibi ya nuna shari'a ta zo domin tsare su, sauran su ne addini da hankali da zuriya da dukiya. Ta wannan fuska riga-kafin jama'a ya yi kama da farilla ta kifaya, wato wajibin da yake kan al'umma gaba ɗaya, wanda ba ya sauka daga wuyanta sai adadin da ya isa sun tsaya da shi.

Kuskuren mai cewa bai yi allura ba kuma ga shi da ransa shi ne auna shawara da sakamakonta a kan mutum ɗaya. Makiyayin da ya ƙi kai shanunsa wurin allura, garkensa ya tsira saboda garkunan da ke kewaye da shi duk an yi musu, ba zai zama hujja a kan likitan dabbobi ba, kuma makiyayan Adamawa sun fi kowa sanin haka, domin bushiya, wadda ta share dukiyar kakanninsu a ƙarshen ƙarni na 19, allura ce ta kawar da ita, daga gangamin da aka fara a yankin tafkin Chadi a 1962 har zuwa 2011 da aka sanar da ƙarewarta a duniya, kuma har yau cibiyar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana sarrafa alluran dabbobi. Shari'a tana hukunta aikin mutum da abin da ya sani a lokacin da ya yi shi, kuma tsirar da Allah ya yi wa bawa bayan sakaci ni'ima ce da take neman godiya, ba ta mayar da sakacin ya zama daidai. Waɗanda sakacin ya ci kuwa ba su nan balle su ba da tasu shaidar.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa jama'a laifin jahilci a manta da abin da ya haifi shakkarsu, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A zamanin mulkin Faransa, maganin ciwon barci da aka ba mutane fiye da ƙima ya makantar da ɗaruruwa a Bafiya a shekarun 1920, kuma a 1954 allurar lomidine ta kashe mutum kusan 30 a yankin Yokaduma. A Kano, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka mutu, ya share fagen ƙauracewa allurar shan inna a 2003 da 2004, wadda ta sa cutar ta sake bazuwa a ƙasashe kusan 20. A zamanin korona kuma mutane sun ga ƙasashe masu arziki sun tara allurai sun bar Afirka tana jira, sun kuma ji rahoton sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙolin Kamaru a 2021, wanda ya bankaɗo kurakurai masu nauyi wajen kashe asusun biliyan 180 na sefa da aka ware wa annobar. Wanda ya ce korona kasuwanci ce ya yi kuskure a kan cutar, amma ya ga wani abu a kan mutane. Amana tana da gefe biyu, kuma hukumar da take son a miƙa mata damtsen yaro wajibi ne ta faɗi abin da allura take iya yi da wanda ba ta iyawa, ta ambaci illolinta ko da ƙanana ne, ta kuma yi bayanin inda kuɗi suka shiga.

Banyo tana da gadon da za ta dogara da shi a wannan aiki. Masarautarta reshe ce ta Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma malaman wannan daula ba su raba ilimin addini da na jiki ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da yake gyara addinin mutum da jikinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani. Dattawan garin da yawa suna ɗauke da lambar agana a damtsensu, shaidar yaƙin da ya kawar da cutar daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 1970. Abin da ake bukata a yau shi ne fadar Lamido da limaman Juma'a da malaman zaure da ma'aikatan asibiti su yi magana da murya ɗaya tun kafin annoba ta zo, domin shakkar da korona ta shuka ta riga ta taɓa alluran yara, har ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna yara miliyan 25 a duniya ba su kammala allurarsu ta farko ba a 2021. Kamaru ce ƙasar farko da ta shigar da allurar zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, kuma ita ma sababi ce ta rinjayen zato, mai rage tsananin ciwo ba tare da ta kawar da shi ba, don haka tana bukatar gidan sauro da saurin zuwa asibiti su taimaka mata. Iyayen da aka yi wa wannan bayani da gaskiya za su kai 'ya'yansu ba tare da sun ji imaninsu ya ragu ba, kuma idan yaro ya yi zazzaɓi bayan allura ba za su ce an yaudare su ba, domin sun san cewa an ɗora wa bawa neman sababi mafi inganci da iliminsa ya kai gare shi, za a kuma tambaye shi a kan wannan neman, ita kuwa waraka ta Allah ce.